Yadda na karkatar da tsohon adireshin shafinmu zuwa sabo

Baffana yana da shagon atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, ni kuma nake kula masa da duk abin da ya shafi intanet. Shafin da muka daɗe muna amfani da shi sunansa yana ƙarewa da .com ne, wani matashi ya buɗe mana shi shekarun baya a wani kamfani na ƙasar waje. Tun wajen 2022, da bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin ƙetare da katin naira, sabunta sunan ya zame mana abin fargaba duk shekara, sai an yi ta neman mai katin dala ana roƙon alfarma. Shi ya sa muka yanke shawarar gina sabon shafi a ƙarƙashin .com.ng, wanda ake biya da naira. Ginin sabon bai ba ni wata wahala ba. Inda aikin yake shi ne tsohon adireshin, domin yana buge a jikin ledojinmu da rasit da katin shago, kuma yana ajiye a wayoyin masu sari daga Maraɗi da Damagaram da Yola waɗanda ba sa zuwa Kano sai jifa-jifa. Abin da nake so shi ne duk wanda ya rubuta tsohon suna ya tsinci kansa a sabon shafi ba tare da ya san an yi wani canji ba. A wannan rubutu zan riƙa kiran tsohon sunanmu.com, sabon kuma sunanmu.com.ng.

Rajistar sabon suna ita ce mafi sauƙi. Hukumar NiRA ce ke kula da duk sunayen da ke ƙarewa da .ng, amma ba wajenta ake zuwa kai tsaye ba, akwai kamfanonin da ta amince su yi wa jama'a rajista, kuma jerinsu yana shafinta. Na zaɓi ɗaya, na bincika sunan na ga babu wanda ya riga mu, na cike suna da adireshi da lambar waya da imel, na tura kuɗin ta banki. 'Yan dubban naira ne na shekara guda. Ba a nemi wata takarda ba, domin .com.ng a buɗe yake ga kowa, ba kamar .gov.ng ba da sai an bi ta hukumar NITDA. Kafin na danna, na tambayi Baffa da sunan wa za a rubuta. Ya ce, "Da sunan shago mana, ɗana. Yau kai ne, gobe wani ne." Na buɗe imel na musamman na shago, na rubuta kalmar sirrinsa a takarda na ba shi ya ajiye tare da takardun CAC.

Daga nan na waiwayi tsohon suna, sai na tarar ba ya hannunmu. Matashin da ya buɗe mana da imel ɗinsa ya yi rajista, kuma da sunansa, mu kuɗi kawai muke tura masa. A wajen kamfanin shi ne mai suna, mu ba a san da mu ba. Ban yi barcin kirki ba a daren da na gane haka, domin da ya ɓace ko ya canza layi, da duk abin da muka buga a leda ya tashi a banza. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa cewa idan ana son canza mai suna ba tare da shi ba, sai an turo katin shaida da takardar rajistar kasuwanci da wasiƙa, kuma babu tabbacin za a amince. Allah ya taimaka na samo lambarsa ta hannun wani abokinsa, ashe ya koma Abuja da aiki. Na kira na ce, "Ɗan'uwa, alfarma nake nema, sunan shagon Baffa muke so ya dawo hannunmu." Bai yi musu ba ko kaɗan, har haƙuri ya ba ni cewa a lokacin bai kawo a ransa abin zai zama matsala ba.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata a sani kafin a taɓa komai. Bisa dokar ICANN, hukumar da ke tsara sunaye irin su .com, ba a ɗauke suna daga kamfani zuwa wani a cikin kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan an ɗauke shi, kuma canza sunan mai shi ko imel ɗinsa yana iya jawo kulle na wasu kwana 60 ɗin. Saboda haka muka fara da ɗaukowa, muka bar gyaran suna sai daga baya. Matashin ya shiga asusunsa ya cire kullen da ke kan sunan, ya karɓi lambar izini da ake kira EPP ya turo mini. Na shigar da ita a kamfanin gida da na yi rajistar .com.ng, na biya kuɗin shekara guda da naira, wanda ake ƙara shi a kan wa'adin da sunan yake da shi, ba asara ba ce. Saƙonnin tabbatarwa shi suke zuwa wa, sai ya riƙa turo mini hoto duk wanda ya shigo. An ce ɗaukowar tana iya kai kwana 5 zuwa 7, kuma haka muka zauna jira, ina leƙa asusun safe da yamma ina ganin ana nan a kai. A duk tsawon lokacin tsohon shafi bai daina aiki ba, wannan ya kwantar mini da hankali. Ranar da sunan ya bayyana a asusun shago, na gyara bayanan mai shi, na sa imel ɗin shago.

Yanzu sunaye biyu suna hannu, sai maganar karkatarwa, kuma a nan ne ruɗanin yake. Wani abokina da ke gyaran kwamfuta a Farm Centre ya ce abu mai sauƙi ne, in je wajen bayanan DNS, wato tsarin da ke haɗa suna da na'urar da shafi yake, in sa CNAME, bayanin da ke jingina suna da wani suna, ya nuna sabon suna, shi ke nan. Da yawa haka suke ɗauka. Na gwada a wani reshe na gwaji, wato ƙaramin suna a ƙarƙashin sunanmu.com, da babu mai amfani da shi, abin da ya fito kuwa gargaɗin tsaro ne, kuma adireshin da ke saman burauza bai canza ba. Wani ma'aikacin kamfanin da ke masaukin sabon shafinmu, wato inda ake ajiye shafin, ne ya warware mini a waya, cikin haƙuri. Ya ce, "Malam, DNS ba ya karkatar da kowa. Aikinsa kawai ya faɗa wa wayar mutum wace na'ura za ta je. Idan ta je, dole a samu wanda zai amsa mata ya ce mun tashi, ga sabon wuri." Sai na gane shi da yaren kasuwa: DNS kwatancen layin da shago yake ne, karkatarwa kuma yaron da ka bari a bakin tsohon shago ne yana nuna wa masu zuwa inda kuka koma. Ya ƙara da cewa ko da CNAME na yin abin, ba a sa shi a kan gundarin suna, wato sunanmu.com tsurarsa, domin ba ya zama tare da sauran bayanai irin na imel.

Amsar da na'urar ke bayarwa tana zuwa da lamba, kuma lambobi biyu ne suka shafe mu. Lamba 301 tana nufin an tashi ke nan har abada, 302 kuma tana nufin na ɗan lokaci ne. Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan Google ya ga 301, a hankali yana cire tsohon adireshi daga sakamakon bincike ya sa sabon a madadinsa, tare da darajar da tsohon ya tara. Ita ma burauza tana riƙe 301 a ƙwaƙwalwarta, ta daina tambaya, ta riƙa wucewa kai tsaye. Wannan alheri ne idan adireshin da aka sa daidai ne. Idan kuwa harafi ɗaya ya kauce, duk wanda ya shiga a wannan lokacin wayarsa za ta ci gaba da kai shi wurin da ba shi ba ko bayan an gyara, sai ya goge ajiyar burauzarsa, kuma ba za ka iya bin masu ciniki ɗaya bayan ɗaya kana koya musu hakan ba. Don haka na ƙudurta zan fara komai da 302, sai na gamsu sannan in mayar 301.

Hanyar farko da na gwada ita ce ta cikin asusun rajista, inda akwai wani akwati na tura suna zuwa wani adireshi, kyauta. Na sa, na jira, ya yi aiki idan aka rubuta adireshin da http. Da na buɗe tsohon saƙon WhatsApp mai ɗauke da https kuwa, sai jan gargaɗi ya fito cewa haɗin ba shi da tsaro. Dalili shi ne burauza tana fara neman takardar shaidar tsaro ta tsohon suna kafin ma ta saurari maganar karkatarwa, na'urar da ke yin turawar kuma ba ta da ita. Kusan duk adireshin da muka taɓa rabawa da https yake. Mai sari da ke shirin tura dubban ɗaruruwa, idan ya ga irin wannan gargaɗin, rufewa zai yi ya ɗauka 'yan damfara ne. A akwatin akwai kuma zaɓin ɓoye sabon adireshi, wanda ke cusa sabon shafi a cikin firam ya bar tsohon suna a sama. Ban taɓa shi ba, kuma ban ba kowa shawarar ya taɓa ba, domin yana lalata tsarin shafi a waya, kuma Google ba ya ɗaukarsa a matsayin ƙaura.

Hanya ta biyu ita ce in bar tsohon masauki a raye in yi karkatarwar daga cPanel, allon sarrafa masaukin, a sashen Redirects, ko in rubuta ta a fayil ɗin saiti mai suna .htaccess. Wannan tana aiki sosai, kuma takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, tana sabunta kanta kafin kwana 90 ɗinta su cika. Wanda sunayensa biyu ke masauki ɗaya, ita ce mafi kusa gare shi. Mu kuwa tsohon masaukin da dala ake biyansa, kuma gudun dalar ne ya taso mu tun farko.

Sai na koma Cloudflare, kamfanin da ke riƙe DNS ya kuma tsaya tsakanin shafi da masu shigarsa, a tsarinsu na kyauta. Na buɗe asusu da imel ɗin shago, na shigar da sunanmu.com, suka kwaso bayanan DNS da suka gani. A nan na zauna da takarda da biro na gwada jerin nasu da na tsohon wuri layi bayan layi, musamman bayanan MX da ke kula da imel da na TXT, domin kwasowar ba lallai ta haɗa komai ba. Na duba ko DNSSEC, wani ƙarin tsaro na DNS, a kunne yake, domin idan a kunne yake aka canza mai riƙe da DNS, sunan yana iya ɗaukewa gaba ɗaya, na tarar a kashe yake. Cloudflare suka ba ni sunayen na'urorinsu biyu da za su riƙe DNS ɗin sunan, na je asusun rajista na cire na da na sa su. Sannan jira. Sun ce yana iya kai awa 24. Na yi wannan bayan sallar Isha'i a daren Juma'a da gangan, lokacin da oda ta fi ƙaranci. Washegari na gwada da wayoyin yaran shago, wani layi ya riga ya ga canjin, wani yana nan a tsohon wuri. Ba matsala ba ce, kowane kamfanin sadarwa yana riƙe tsohuwar amsa har wa'adin da ake kira TTL ya ƙare. Da yake ban rufe tsohon masauki ba, kowane ɓangare yana samun shafi mai aiki.

Da saƙo ya zo cewa sunan ya zauna, sai na canza bayanin A, wanda ke nuna lambar na'urar da suna yake kai wa, na sunanmu.com da na www zuwa lamba 192.0.2.1, na tabbatar alamar gajimare da ke gefen bayanin ta zama ruwan lemo, wato baƙi za su bi ta Cloudflare. Wannan lamba ba ta kowace na'ura ba ce, an ware ta ne don misali a rubuce-rubuce, kuma ana sa ta ne saboda baƙo ba zai taɓa isa gare ta ba, Cloudflare zai tare shi a hanya ya juya shi. Idan gajimaren toka-toka ne, babu abin da zai yi aiki. Daga nan na shiga sashen Redirect Rules na rubuta doka: duk abin da ya zo wa sunanmu.com ko www.sunanmu.com a kai shi https://sunanmu.com.ng, tare da ragowar adireshin da ke biye da sunan, da lamba 302. Takardar tsaro su suka bayar kyauta, sai dai na lura tana rufe gundarin suna ne da reshe mai hawa ɗaya kawai, wato oda.sunanmu.com ya shiga, www.oda.sunanmu.com bai shiga ba. Na buɗe burauza a yanayin sirri na rubuta tsohon suna, kafin in ƙifta ido sabon shafi ya buɗe da sabon adireshi a sama, babu gargaɗi. Na yi hamdala a fili har yaran suka juyo.

Murna ba ta sa na tsaya ba, domin shafin farko kaɗai na gwada. Maganar ragowar adireshi ita ce ta fi cin lokaci a duk aikin, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. Wadda aka tura wa adireshin wani leshi takamaimai, leshin take son gani. Idan aka jefa ta shafin farko, sai ta fara nema daga tushe, kuma galibi ba za ta nema ba. Shi ma Google yana iya ɗaukar irin wannan jibgewar a shafin farko tamkar shafukan sun ɓace ne. Tsarin sunayen shafuka a sabon wuri ya bambanta da na da, saboda haka na shiga Search Console, sashen Google na masu shafuka, na fitar da jerin shafukan da aka fi shiga, na haɗa da waɗanda muke yawan turawa a WhatsApp, na rubuta kowanne da takwaransa a sabon shafi. Karkatarwar waɗannan na sa ta a ɓangaren sabon shafin, ɗaya bayan ɗaya. Kayan da suka ƙare kuma ba za su dawo ba, na kai su rukuninsu, tsohuwar shadda zuwa sashen shadda. Na kashe yammaci da dama a kan wannan, wani lokaci da fitilar waya idan an ɗauke wuta, ina latsa kowane adireshi da hannuna. Sai da jerin ya ƙare sannan na mayar da 302 zuwa 301.

Ana cikin haka Baffa ya kawo wata buƙata. Ya ce yawancin masu ciniki ba shafi suke so ba, magana suke so, ko akwai gajeren adireshi da za a buga a leda wanda zai kai mutum WhatsApp ɗin shago kai tsaye? Na ƙirƙiri reshe mai suna oda a ƙarƙashin sabon suna, bayan na shigar da shi ma a Cloudflare, na ba shi waccan lambar ta 192.0.2.1, na karkatar da shi zuwa adireshin wa.me mai ɗauke da lambar shago. Lambar ana rubuta ta ne da 234 a gaba, babu alamar tarawa, babu sifilin farko. Wannan kam na bar shi a 302 da gangan, kuma a haka zai zauna, domin layi yana iya ɓata ko a canza mai riƙe da wayar oda, kuma ranar da hakan ta faru minti ɗaya ya isa in sauya lambar ba tare da an sake buga leda ko ɗaya ba.

Imel ne ya rage kafin in rufe tsohon masauki. Karkatar da shafi ba ta taɓa imel ko kaɗan, hanyarsu daban, kuma akwai masu kawo mana kaya da har yanzu tsohon adireshin suke aika wa takardun kuɗi. Na fara sauke duk tsofaffin saƙonni a kwamfuta, sannan na kunna Email Routing na Cloudflare, wanda ke karɓar saƙon tsohon suna ya miƙa shi sabon akwati bayan an tabbatar da akwatin ta wani saƙo da suke turowa. Karɓa kawai yake yi, amsa kuwa daga sabon adireshi take fita, wanda ya yi mana daidai tunda a hankali mutane suna sabawa da shi. Na sa ƙanwata ta aiko da saƙon gwaji daga wayarta, ya shigo, sannan na bar tsohon masauki ya ƙare wa'adinsa.

Sanar da Google shi ne mataki na ƙarshe. Na tabbatar da mallakar sunayen biyu a Search Console ta hanyar sa bayanin TXT, na shiga saitin tsohon na yi amfani da sashen canjin adireshi, wanda ke fara duba ko 301 na aiki kafin ya karɓa. Sanarwar tana aiki na kwana 180, kuma shawarar Google ita ce a bar karkatarwa aƙalla shekara guda. A makonnin farko sakamakon bincike ya riƙa nuna tsohon suna a wani wuri, sabo a wani, masu shiga ma suka ɗan ragu, har Baffa ya tambaye ni ko dai mun yi gaggawa. Na ce, "Baffa, a ƙara haƙuri, haka abin yake kafin ya zauna." Daga baya ya daidaita. A tsakanin na bi Facebook da Instagram da bayanin shago a taswirar Google na canza adireshin da hannu, domin bai kamata a bar wuraren da muke da iko da su suna dogara da karkatarwa ba.

Wanda zai bi wannan hanya, ina ganin ya fara da tambayar da sunan wa aka yi rajista kafin ya kashe ko kwabo a sabon shafi, domin idan sunan ba ya hannunsa sauran matakan duk ba za su yiwu ba. Kada ya rufe tsohon masauki sai shafi da imel duka sun koma, kuma ya yi gwajinsa da https da www da adireshin shafukan ciki, a waya fiye da ɗaya. Kuɗin da muka kashe bai wuce rajistar sabon suna da ɗauko tsohon da masaukin sabon shafi ba, karkatarwar kanta ba ta ci ko sisi ba.

Sai maganar da Baffa ya fi jinkirin amincewa da ita, wato ci gaba da biyan kuɗin tsohon suna alhali mun tashi daga kansa. Na yi masa bayani cewa ranar da wa'adinsa ya ƙare karkatarwar ta mutu. Sunan .com da ba a sabunta ba, bayan ɗan wa'adin sassauci da kamfanin rajista kan bayar, yana shiga wa'adin fansa na kwana 30 da kuɗinsa ya ninka na sabuntawa, sannan kwana 5 na jiran gogewa, daga nan kowa na iya saye. Wanda ya saya zai gaji duk masu bin adireshin da ke ledojinmu, kuma zai iya karɓar duk imel da aka aika da sunan shago, har ya ba masu sari lambar asusun da ba tamu ba. Da ya ji haka ya ce a biya na shekaru da yawa a haɗe, tunda ana iya yi har shekara 10. Na biya gwargwadon abin da ya ware, na kunna sabuntawa ta kai tsaye a sunayen biyu, na kuma rubuta ranar ƙarewar kowanne a littafin shago.